Sunan da Ya Ci Gaba da Zuwa Ofis

Sun ce ba zai yiwu ba, kuma ba baki ɗaya ne ya faɗa ba. Injiniyan da ya rako kayan daga Kano ya ce sai an ɗauko Bature, ko kuwa a jira wani daga Legas, domin aikin ya fi ƙarfin mutumin da ya yi furfura a kan wayar oba-oba. A gabana ya faɗa, yana kaɗa mabuɗin motarsa. Shugaban ofishinmu, mutum mai kawaici, ya ce shi ba hannuna yake shakka ba, wutar lantarki yake shakka, wadda ke zuwa mana lokacin da ta ga dama ta tafi ba sallama. Babban akawu kuwa bai tsaya a kan inji ko wuta ba. Cewa ya yi tun da aka kafa ofishin nan a gefen dam ɗin Tiga ba a taɓa kulle wa ɗan'uwa ƙofa ba, kuma ba a kansu za a fara ba.

Abin da suke cewa ba zai yiwu ba shi ne a tara sunayen ma'aikatan ofishin ruwa a cikin na'ura guda, kowa da tasa kalmar sirri, ta yadda ba wanda zai taɓa aikin ofis sai an tambayi wannan na'ura ta amince da shi. Umarni ne ya zo daga sama, tare da kayan. Ni aka danƙa wa.

Ni ɗan Bebeji ne, ko da yake kakannina daga Barno suka zo. Na yi makaranta a zamanin da ake duba farcen yaro da wuyan rigarsa kafin a duba littafinsa, kuma malamanmu sun koya mana cewa aikin da aka yi rabi bai kai wanda ba a fara ba daraja. Shekarun tamanin duk a kan oba-oba na yi su, ina hawa ƙarfe ina ɗaure waya, domin masu auna ruwan sama a Tudun Wada da Doguwa su iya faɗa wa Tiga abin da ke tafe a kogi. Da kwamfuta ta shigo mana a shekarun casa'in, ba a sami wanda zai kula da ita ba sai ni, don kawai ita ma tana da waya a bayanta. Mai ɗakina ta riga ta rasu, yara suna Kano, ni kaɗai nake a kwatas ɗin ma'aikata. Ina da lokacin karatu fiye da yadda nake so.

Gine-ginen ofishin uku ne. A kowane gini akwai akwatin ƙarfe mai ramuka a jere, wanda wayoyin kwamfutoci ke taruwa a cikinsa. Suwic ake ce masa. Kowane akwati da kalmarsa, kowace kwamfuta da tata, kuma duk an rubuta su a ƙyallen filasta an manna a ƙarƙashin tebur, har masinja ya haddace su. Aikina shi ne in raba akwatunan nan da wannan hukunci, in koya musu cewa idan wani ya ƙwanƙwasa kada su buɗe da kansu, su aika tambaya ga babbar na'urar da ke ɗakina.

Ba abu ne mai wuyar faɗa ba, yinsa ne ke cin rai. Sai na ɗauki tsohuwar kwamfuta na haɗa ta da akwatin da wata gajeriyar waya, na zauna a kan benci a gabansa, littafin Turanci a cinyata, ƙamus a gefe. Na faɗa wa akwatin inda babbar na'urar take. Na ba su wata kalma da su biyu kaɗai suka sani, don kada wata na'ura ta yi shigar burtu ta amsa a madadinta. Na faɗa masa tsawon lokacin da zai jira amsa kafin ya sake tambaya, da kuma na'ura ta biyu da zai juya gare ta idan ta farko ta yi shiru. Kwanaki da yawa akwatin yana tambaya ana ƙin amsa masa, saboda harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin abin da littafin ya buga da abin da injin yake so. Da na gano shi, akwatin farko ya buɗe da sunana. Na bi sauran biyun, sannan na juyar da kwamfutocin tebur su ma su riƙa tambayar wuri guda. Maganar wuta kuwa, batiran mota na jera a ƙarƙashin tebur, suna riƙe na'urar har janareta ya tashi.

Ban kira kowa ya gani ba. Na je na sanar da shugaba cikin ladabi cewa an gama, na koma ɗakina.

Akwai abin da littafin bai faɗa ba. A ofishinmu ana tsaya wa juna. Idan ruwan shuka ya sauka, ma'aikaci ɗan garin Yako zai hau babur ya tafi gonarsa, maƙwabcin teburinsa ya shigar masa da lissafin ranar. Idan suna ne ko ta'aziyya, haka nan. Manya kuwa ba su taɓa na'ura da hannunsu. Su yi magana, mai buga tafireta ya buga. Ba a ɗauki wannan ha'inci ba, zumunci ne, kuma ni ma an tsaya mini a lokacin jinyar mai ɗakina. Yanzu kuwa duk wanda ya zauna a tebur, sunansa ne ke fitowa a saman gilashin kwamfutar, kuma da sunan ake ajiye abin da ya rubuta. Dattawa masu jikoki suka koma laluben haruffa da yatsa biyu a gaban sa'o'in 'ya'yansu.

Har ranar zaɓen kalmomi ta zama abin magana. Duk wanda ya zo ya buga tasa, sai in juya fuskata ga bango, domin ko ni bai kamata in sani ba. Ni a wurina girmamawa ce. Su a wurinsu, na juya wa manya baya.

Muna da al'ada bayan sallar azahar. A shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron da ke bayan ofis, kwanukan da aka aiko daga gidaje a haɗa su wuri guda, kowa ya sa hannu inda ya so. Ni ba a aiko mini kwano, sai in sayo soyayyar karfasa a wurin matan masunta in ajiye a tsakiya, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa nuna mini cewa tuwon na gidan wani ne. A satin da aka kunna na'urar, na miƙa hannu ga kwanon shinkafa da wake, sai babban akawu ya ɗaga murfi ya rufe shi.

"Malam, faɗi kalmarka tukuna, a tambayo."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya buɗe, na ci. Amma washegari da na iso sai hira ta tsaya, jibi kuma aka bar mini fili a tabarma mai faɗin da zai ɗauki mutum uku. Ba wanda ya kore ni. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar zama inda ake haƙuri da ni ba. Na koma cin kifina a ɗakin na'ura, inda ba taga, sai ƙarar fanka da fitilu masu ƙyaftawa.

Mutum ɗaya ne ya biyo ni. Shi ne mai karanta ma'aunin ruwa a bakin dam, Bafulatani daga wata ruga a ƙasar Doguwa, dogo, siriri, wanda ya shiga aiki shekara guda da ni. Kasancewarsa Bafulatani ni kuma Babarbare, tun ranar da muka haɗu bai taɓa yi mini magana ba tare da tsokana ba. Shi ne ya raɗa wa babbar na'urar suna uwar garke, wai duk shanun ita suke bi, kuma sunan ya zauna har a bakin shugaba.

Da azahar sai in ji ya tura ƙofa da ƙafa, ƙwaryar fura da nono a hannu.

"Babarbare, kana raye? Kada sanyin inji ya kashe mini bawa."

"Wa ya aiko ka, mai bin wutsiyar saniya?"

"Tausayi. Ubangida na gari ba ya barin bawansa da ƙashin kifi. Karɓi, ka sha a hankali, na san ba ku saba da abin kirki ba."

Mu zauna a kan benci, ludayi ɗaya, muna miƙa wa juna. Ba ya faɗa mini abin da ake cewa a gindin mangwaro, ni ma ba na tambaya. Sai ya ba ni labarin damina a wajen dazuzzukan Doguwa, da wata saniyar mahaifinsa da ke gane ƙarar motar mai allura ta gudu. Wannan ɗan lokacin shi ne dukan hirar da nake yi a yini.

Ana nan, wata safiya na bi ta ginin akawuna don duba waya, sai na ga sunansa a saman gilashi a teburin farko. Na wuce, na gan shi a na biyu, da na uku, har da teburin babban akawu. Shi kuwa na san yana bakin dam. Ba wanda ya yi ƙoƙarin ɓoyewa. Suka gaishe ni suka ci gaba da aiki. Na jira azahar, da ya shigo da furarsa na ce masa:

"Malam, yau na gan ka a tebur huɗu."

"To ai ka san mu da kiwo, ba mu tsayawa wuri guda."

"Ka ba su kalmarka."

"Na ba su. Sun tambaya. Kai in an roƙe ka ruwa hanawa kake?"

"Ba ruwa ba ne, sa hannunka ne. Duk abin da suka rubuta, kai ka rubuta. In wani ya ce a buɗe wa manoman rani ruwa fiye da ƙima, kai za a kira."

"A kira ni mana, ai ba kurma ba ne ni." Ya miƙo mini ludayi. "Ka ji, ɗan Barno. Kai ka gina katanga, kuma ta yi kyau, ban taɓa ganin bawa mai hannu irinka ba. Amma ko shingen gona ana bar masa burtali. In ba ka bari ba, shanu su yi wa kansu. Ni ne burtalin. In kana so ka rufe, ga injinka nan, ba sai ka tashi tsaye ba ma."

Ban rufe ba. Na yi tunani a kai sosai, na ga cewa mutum ne baligi mai hankali, an faɗa masa abin da ke ciki, ya ce ya ɗauka. Mai rai yana iya amsa sunansa. Haka muka ci gaba: na'urar tana aiki ba tangarɗa, masu zuwa daga Kano suna yabawa, rabin ofis kuwa yana shiga da sunan mutum ɗaya.

A tsakiyar damina zazzaɓi ya kama shi. 'Yan'uwansa suka zo suka tafi da shi gida, ba a yi sati ba labarin rasuwarsa ya zo ta oba-oba, ta wayar da ni na ɗaure da hannuna. 'Yan ofis suka tafi a motar aiki tun da sassafe. Ban ji an kira ni ba, ban kuma tambaya ba. Na hau ƙaramar bas zuwa Tudun Wada, daga can na ɗauki mai babur, muna yi muna sauka muna tura shi a taɓo. Na tarar an riga an kai shi. Na zauna a gefen zaman makoki, ana magana da Fulatanci, ba na fahimtar komai sai addu'a. Wani tsoho ya nuna ni da haɓa ya yi tambaya, sai ƙanen marigayin ya amsa da Hausa don in ji:

"Babarbaren nan ne, Baffa. Bawan nasa da yake kai wa nono."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan mutuwa. Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Na sunkuyar da kai, domin ban so a ga fuskata.

Da na koma aiki na zauna a gaban uwar garke, wadda ke nuna waɗanda ke ciki a kowane lokaci, sai ga sunansa ya fito. Can kuma ya sake fitowa. Ka'idar aiki ita ce duk wanda ya bar ofis a cire sunansa a ranar, kuma na san ka'idar fiye da kowa, tun da ni na rubuta ta. Amma a wurinmu ba a gaggawar taɓa kayan mamaci. Na je na shaida wa shugaba cewa zan bar sunan har a yi sadakar arba'in, ya ce ya ji.

Waɗannan makonni ba zan iya kwatanta su da kyau ba. Kowace safiya ina zuwa kafin kowa, in kunna gilashi, in zauna ina jira ya iso. Na san yatsun wani ne. Duk da haka idan haruffan suka bayyana sai in ce a raina, ka makara yau, mai shanu. Da azahar ƙofa ba ta motsi. Da yamma sunan ya fita, ni ma in kulle in nufi kwatas ta bakin ruwa, inda masunta ke gyaran koma.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan sadakar, na sanar a kowane gini cewa ranar Litinin za a cire sunan, kowa ya nemo tasa kalmar. Bayan an sauko daga masallaci babban akawu ya zo ɗakina. Bai taɓa shiga ba sai ranar. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, na ba shi benci, muka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar waɗanda suka shekara ba su haɗu ba.

"Malam," ya ce, "roƙo na zo yi, ba ni kaɗai ba, da yawun kowa. Ka bar mana sunan nan."

"Alhaji, mai shi ya rasu."

"Shi ya sa. Wallahi ba wanda ke buga kalmar nan da safe bai ce Allah ya jiƙansa ba. Sadaka ce ya bari mai gudana. Kai da kake amininsa, kai za ka tare ta?"

"Da yana nan, in an yi kuskure da sunansa zai zo ya ce ni ne, ko ba ni ba ne. Yanzu wa zai faɗa? Duk lissafin da aka shigar tun ranar da aka binne shi, an rubuta cewa shi ya yi. Muna sa mamaci yana ba da shaida, Alhaji."

"Kai dai da Turancinka."

"Wannan ba Turanci ba ne."

Ya sassauta murya.

"Abin da ya wuce ya wuce. Murfin kwanon nan wasa ne, ka ɗauke shi da nauyi. Ka bar sunan, ka dawo tabarma ranar Litinin. Wurinka yana nan, ba wanda ya zauna. Mu tsufa tare mana, Malam. Me ya rage?"

Ba zan ɓoye ba, na so in ce to. Na yi Asabar da Lahadi a Bebeji, a gidanmu na gado da ba kowa sai ni da ƙadangaru, ina juya maganar. Na tuna ɗumin tuwo da hayaniyar mutane, da yadda ake jayayya a kan farashin taki har abinci ya huce. Amma duk ta inda na biyo, sai in tarar da abu guda: mutumin nan ya ara musu sunansa yana da rai, bai bar musu shi gado ba, kuma ni aka ba ajiyarsa.

Ranar Litinin na zo da wuri, na yi masa addu'a, na nemo sunan na cire. Layi ɗaya na buga. Da wannan layin akwatuna uku da dukan teburan ofis suka daina saninsa a lokaci guda, ba sai na zagaya ko'ina ba. Don haka aka gina abin, kuma ya yi aikinsa daidai.

Ba a jima ba suka fara zuwa, domin yawancinsu sun manta kalmominsu tun tuni. Suka yi layi a baranda. Kowa ya shigo in miƙe in gaishe shi, in nuna masa kujera, in juya fuskata ga bango. Ina jin yatsu suna lalube a bayana, a hankali, wani ya goge ya sake. Babban akawu ne ya zo ƙarshe. Da ya gama ya tsaya a bayana har na juyo.

"Allah ya jiƙansa," ya ce.

"Amin."

Ya fita ya ja ƙofa.

Kafin azahar gilashin ya cika da sunaye, kowane tebur da mai shi, tun daga shugaba har mai kula da sito. Na daɗe ina karanta su. Bayan salla na jiwo ana shimfiɗa tabarmi ana ƙwanƙwasa murfin kwanuka. Na buɗe takardar kifina na ci a kan benci. Haka na ci gaba da ci har ranar da na ajiye aiki, ana gaishe ni da girmamawa a baranda, ina amsawa da girmamawa.

Na ji an ce waɗanda ke ofishin yanzu sun sauya injinan sau da yawa, kuma in an tambaye su yaushe aka fara shiga da suna, sai su ce tun zuwan kwamfuta. Ba haka ba ne, kuma ba na son a bar shi a haka. Wanda duk zai rubuta tarihin wurin, ya rubuta cewa ranar da kowane ma'aikaci ya shiga da sunan da ubansa ya raɗa masa, aka kuma bar mamaci ya huta, ita ce Litinin ta farko a watan Jimada Akhir, ana tsakar yankan gero, saura shekara biyu in yi ritaya.